Na Ji Muryar Motar Babana a Cikin Motar Yayan Mijina

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah ka saka mini wannan ka ɓoye sunana, ko da yake ɓuyar banza ce, duk wanda ya san Matameye da ya ji zancen mota zai ce ai wance ce, to ya ce ɗin. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, lakwal ɗina, wato bokona, a aji huɗu ta tsaya, ga ni da dogon zance.

Ina da mota. Ni mace, matar aure, wadda sai in yi wata ban leƙa bakin titi ba, ina da mota tawa ta kaina. Kat-san-kat ce bashe, fara, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, ta girme ni. Ta babana ce, Allah ya jiƙansa, direba ne. Shekarar babbar yunwa, zamanin sojan wancan lokaci, ina da shekara bakwai, da ita ya yi ta jigilar jar dawar taimako zuwa ƙauyukan Kurni, ya tafi da buhuna ya dawo da tsofaffin da ƙafa ta gaza ɗauka. Ni ce mai kunne a gidanmu. Tun motar tana can wajen lambunan rake nake ce wa Inna ɗora ruwa ga Baba nan, ta ce ke dai da ƙarya, kafin ruwan ya yi ɗumi sai ga shi. Abin da nake ji shi ne, in ya ɗaga ƙafa daga totur motar tana wani ɗan fito siriri, kamar buta ta fara tafasa. Baba ya ce daga karbirato ne, wato abin da ke gauraya esansi, fetur ke nan, da iska kafin su shiga inji, ya taɓa faɗuwa ya tsage a ƙasa aka like da dalma, tun ran nan take fito. Ya ce ba zai gyara ba, sallamarta ce, motar kirki ba ta shiga gari babu sallama.

Da ya rasu motar ta riga ta yi shekaru a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar gaba. Wajen rabon gado yayyena suka ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe, na ce a'a, a ba ni ita a madadin rabona na gona. Wallahi dariyar da aka yi mini ran nan har malamin da ke rabon sai da ya rufe baki da rawani. Da shanun huɗa biyu aka jawo mini ita har gidan mijina.

Maigidana, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba. Shayi yake sayarwa a Kano da rani, damina ya dawo noma. Matan unguwa mazansu na dawo musu da atamfa da turare, ni nawa sai ya kwance ƙunshi ka ga buji huɗu, wato fulogin mota, wata shekara fitila, wata shekara robar ƙofa. Akwai wani tsohon makanike, bari in ce da shi Baba Ilu, shi ne karen motar babana a da, shi ya yi ta zuwa yana haɗa mana. Tsatsa ni na kankare da yashi da lemun tsami, kujeru ni na ɗinke, tamfol ma ni na yanka na dalle shi da hannuna. Shekara takwas muna wannan. Ranar da ta tashi, Baba Ilu ya taka ya saki, ta yi fiton nan, zama na yi a ƙasa ina kuka har tuwona ya ƙone. Ban iya tuƙi ba, ban ɓoye ba. Amma na iya tayar da ita, na iya duba baƙin mai da ruwan radiyato, na iya kwance buji in goge in mayar. Kowace Lahadi da hantsi nake tayar da ita in zauna a ciki in saurara, shi ne hutuna, wasu rediyo suke ji. In maigida yana gari kuma, bayan la'asar mu kama hanyar Kance a hankali, mu sayi rake, sojojin da ke shinge ma har sun san mu, tsayar da mu suke yi su ɗauki hoto da ita.

To bana kun san yadda damina ta yi mana. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fid da kai, abin da muka samu bai cika kwandon kirki ba, maigida ko karan bai jira an tara ba ya koma Kano. Yayansa, Alhaji, ɗan kasuwar hatsi ne, shi ke aiko mana da buhun gero duk wata. Ban raina ba, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba don muna rigima. Shi ma yana da bashe, shuɗiya, da ita yake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye, amma tun lokacin da aka rufe boda kayan tsofaffin motoci suka yi wuya, tasa ta mutu a ƙofar shagonsa, awaki na kwana a ƙarƙashi. Sai ga bikin ƴarsa, ya aiko wai in ba da aron tawa a kai kayan ɗaki Kance. Raina bai so ba, sai uwar mijina, Hajiya, ta tako da kanta, tsohuwa da sanda, ta yaya zan ce a'a. Aka ce kwana ɗaya, ta yi huɗu. Aka dawo da ita an wanke tas, an cika tanki. Da ina da wayo, da na ga an cika mini tanki a wannan tsadar esansi na san akwai magana.

Ran Lahadi na tayar da ita. Ta tashi kam. Na taka na saki, shiru. Na sake, shiru, sai wani gurnani kamar mai mura. Na buɗe gaba na duba, a ido komai yana nan, an shafe karbiraton da baƙin mai da ƙasa ya yi kamar ya shekara arba'in a wurin. Na zura yatsa ta ƙasa inda ƙullutun dalmar yake, wanda na shafa ya fi a ƙirga, sumul, babu. Na aika aka kira Baba Ilu. Ya ce shi kunnensa ya tafi, na ce hannunka fa, yana nan ai. Ya zura hannu ya daɗe bai fito da shi ba, sannan ya goge a riga ya ce, ƴar maigida, bana shekara ce da baki ba ya buɗuwa sai ga tuwo. Ashe shi ma daga shagon Alhaji ake auna masa. Ban ga laifinsa ba, tsoho ne mai iyali.

Na yi shiru da bakina, na ce ƙila direban da ya kai kayan ne ya yi, kada in ɗauki alhakin mutum. Sai ranar kasuwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, kawai na ji ta. Fiton nan, daga kwanar masallaci. Jama'a, na yar da rariya na fita da takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a hannu ban ko yafa ba, ni da ba a ganina a ƙofar gida. Me zan gani, shuɗiyar Alhaji ce, wadda ta yi wata da watanni a mace, ga ta an lafta mata buhuna tana tafiya lafiya lau, da muryar motar babana a bakinta.

Ban je shago na yi masa tijara ba, na san matsayinsa, ko ido ba na haɗawa da shi. Wajen Hajiya na kai ƙara, ta sa aka kira shi. Ina daga bayan labule na faɗi abin da na ji. Dariya ya yi, ya ce Hajiya kin ji wata sabuwa, matar da ko gaba ba ta iya kai mota ba balle baya, ita ce za ta koya mini ƙarfe. Wai a Damagaram ya sayo nasa karbiraton. Na ce Alhaji a zura hannu a ƙarƙashinsa, in babu dalma in durƙusa in nemi gafara a gaban kowa. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da za a laluba masa mota, kuma wai abin nawa ba na lafiya ba ne, macen da ke zama cikin mota ita kaɗai tana jin muryar mamaci, rubutu take buƙata a wanke mata. Wannan kalmar ce ta fi yi mini ciwo. Kafin kwana biyu ta zaga unguwa. Yanzu in mata suka shigo sai ka ji, maman yara, yau me injin niƙa ya ce miki, ko shi ma ɗan uwanku ne? Ina dariya tare da su don kada su ga gadon bayana, amma Allah ya sani.

Bayan ya fita Hajiya ta jawo ni kusa, ta ce ƴar nan mu ɗauka gaskiyarki ce. Ubanki da yunwa ta zo me ya yi da motar nan, ajiye ta ya yi a inuwa yana saurare? Ta ce ƙarfen nan yanzu hatsi yake jawowa gari, har da wanda ke cikin tukunyarki, ke kuma so kike ya dawo ya yi miki fito ran Lahadi. Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni, har yau tana cina. Amma na ce mata Hajiya, da ya zo ya ce ga halin da ake ciki, wallahi ba karbirato ba, motar gaba ɗaya zan ba shi, in tsaya a ƙofa ina yi mata addu'a kamar yadda Inna take yi wa Baba. Bai tambaya ba. Ya cire, ya shafa wa na bogi ƙasa don ya san wadda zai ruɗa jahila ce, da na gane kuma ya ce ni ce mai taɓin hankali. 

Da wata ya kama aka kawo buhu kamar kullum, na ce a mayar. E, na mayar. Na san wasunku za su ce girman kai, ku ce. Ba zan ci tuwon da aka ce kuɗin rufe baki ne ba. Ƙuli-ƙuli nake yi ina sayarwa daga cikin gida, da shi muke lallaɓawa ni da ƴaƴana biyu da suka rage a gabana, amma geron da ke rumbuna ba zai kai mu ƙarshen watan nan ba, wannan ma gaskiya ce, kuma su yaran ba su suka yi rantsuwa ba.

Maigida ya kira ni a waya. Bai ce na yi ƙarya ba, kuma yadda ya ja numfashi kafin ya yi magana na san ya yarda da ni, shekara ashirin da ɗoriya ina sauraron mutumin nan. Amma ya ce Yaya uba ne, kuma shi yana nesa, in muka ɓata da shi wa zai duba mu. Ya ce in je in ba shi haƙuri kafin kasuwa mai zuwa, in karɓi buhun, shi kuma in Allah ya hore zai nemo mini wani karbiraton a Kano ko da na sabuwar mota ne. Na ce baban yara, fitila ka sayo, taya ka sayo, kusan rabin motar nan daga ƙunshinka ta fito, abu ɗaya ne a jikinta da ba ya sayuwa, shi aka ɗauke. Kuma in na ba da haƙuri na sa hannu ke nan cewa ni mahaukaciya ce. Ya ce to ki yi tunani, kada ki sa ni zaɓi tsakaninki da ɗan uwana. Bai taɓa gaya mini irin wannan ba.

Ga abin da zuciyata ke raya mini. Ranar kasuwa in yafa mayafina in tafi tasha, gaban tsofaffin direbobin da suka san babana, in ce a ɗaure mini ido da ɗankwali, a jera duk bashen da ke garin nan a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, in ban nuna ta ba in tafi wajen mai rubutun da kaina. In na nuna kuma a zura hannu a taɓa dalma. Na san zan ci, ko shakka ba na yi. Amma na san in na tona Alhaji a tsakiyar tasha, buhu ya tafi har abada, zumunci ya tafi, aurena ma ban san inda zai kwana ba. Wata zuciyar kuma tana cewa in aika masa da makullin farar, in ce ga ta nan ita ma a yi jigilar hatsi da ita har a ga bayan wannan shekara, sharaɗi ɗaya, ya zo gaban Hajiya, mu uku kawai, ya ce ni na cire, lafiyarki ƙalau. To in ya ƙi fa, ko ya karɓi makullin ya haɗiye sharaɗin?

Don Allah ku gaya mini, in tafi tasha, ko in aika da makulli, ko in bi maganar maigida in durƙusa saboda cikin yara? Masu iyali a wannan shekara, ku kuka san nauyin buhu, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, zan ji. Abu ɗaya ne kawai kada wani ya wahalar da yatsansa a kai, wai ƙila kunnena ne ya ruɗe ni. Yanzu haka ina wannan rubutun shuɗiyar ta wuce ta bayan katangarmu, direban ya ɗaga ƙafa a kwanar masallaci, ta yi sallama. Na amsa mata.