Ɓerayen Dokta da ƙuliƙulin aljihuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne daga Roni, na gaji da ɗaukar wata magana ni kaɗai.

Zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, wani ɗan Kazaure da ya dawo daga karatu a Turai, muna ce masa Dokta tun bai zama ba, ya ɗauke ni aiki a jami'a. Aikina kula da fararen ɓeraye. Ni da na tashi ina farautarsu a rumbun gero, sai ga ni ina share musu ɗaki, ana biyana albashi.

Abin da Dokta yake so ya gano shi ne, ko ɓera yana da dabarar amfani da kayan aiki. Ana ajiye ƙwayar masara inda hannun ɓeran ba zai kai ba, a sa 'yan sanduna biyu a gabansa, ɗaya mai ƙugiya da za ta jawo masarar, ɗaya miƙaƙƙiya da ba ta jawo komai. Shi yake ajiye miƙaƙƙiyar da safar hannu, ni nake daidaita mai ƙugiyar. Ya ce in riƙa sa safa, amma zafi ya sa ban cika sawa ba. Ga shi aljihuna ba ya rabo da ƙuliƙulin da Inna take aiko min daga gida, ina aiki ina ɗan taunawa.

Ɓerayen nan suka riƙa zaɓar mai ƙugiya kamar an raɗa musu, Dokta har tafi yake yi. Da azumi ya kama, sai suka koma daƙiƙai, yau wannan sanda gobe waccan. Dokta ya ce zafin gari ne, ya ajiye sakamakon watan a gefe. Bayan Sallah basirarsu ta dawo. A nan na gane ƙamshin man gyaɗar yatsuna suke bi, don da azumi ba na taɓa ƙuliƙulin. Na yi shiru, tsoro nake ji kar a sallame ni, ga sabon aure. Da wannan aikin ya samu digirinsa, har ya zama Farfesa. Shi ya kai ni Makka, shi ya sa 'ya'yana a makaranta.

Yanzu ya haura tamanin, yana kwance a gidansa na Kazaure, ba shi da hira sai ta ɓerayensa masu tunani. Makon jiya jikarsa ta zo har Roni. Ashe aikin kakanta take maimaitawa a nata karatun, shekara biyu ɓerayenta sun ƙi. Malaminta ya ce in ba ta kawo sakamako bana ba, ta haƙura. Ta durƙusa tana hawaye ta ce, "Baba, kai ka riƙe su da hannunka, me nake yi ba daidai ba?" Na ce ta dawo Juma'a.

Da ta tafi muka yi cacar baki da maiɗakina. Ta ce in rufa wa mai rufa min asiri, tsoho a bakin kabari ba a karya masa zuciya. Na ce yarinyar fa, laifin me ta yi? Ta ce ai na yi shirun shekara hamsin, na wata ɗaya ba zai kashe ni ba. Tun ranar ko tuwo ba na iya ci sosai.

Idan na faɗa, dole maganar ta kai kunnensa, ya san abin da ya yi alfahari da shi duk rayuwarsa daga aljihuna ya fito. Idan na yi shiru, yarinya za ta tafi tana ganin ita ce ba ta da ƙwaƙwalwa, alhali laifinta kawai tana sa safar hannun da ni na ƙi sawa.

Jama'a, jibi ne Juma'a. Me zan ce mata?