Layin Toka a Bakin Tabkin Affala

Zuwa ga maigidana, Baban Isufu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake kwance. Mu nan Tawa muna lafiya, irin lafiyar gidan da babu kai.

Tabkin Affala da ka yashe da katafilarka mai dogon hannu ya riƙe ruwa har bazara. Bana makiyaya ba su yi doguwar tafiya neman ruwa ba, mata kuma sun yi lambu a gefensa. Duk wanda ya zo daga can sai ya shigo ya yi maka addu'a. Ina amsawa da amin, amma har yau ban iya zuwa na ga ruwan ba.

Ka tuna yadda kake hana ni zubar da tokar murhu? Kullum da safe sai na tankaɗe maka ita a buhu, ina yi maka tsiya cewa mazan wasu guzurin goro suke yi, nawa toka. Da ita kake zagaye katafila iyakar inda hannunta ke kaiwa, don kada kowa ya shiga tana juyawa. Sai ka ja wani layin nesa da gaɓa, wanda ƙafafunta ba sa ƙetarewa. Ba ka cika cokalin kwasarta da laka idan hannun ya miƙe duka, ba ka tayar da ita sai ka ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki. Abokanka na cewa tsoronka ya yi yawa, kai kuwa ka ce: "Hannun ga an yi shi dogo don ƙahwa ta tsaya nesa."

To, me ya sauko da kai ranar? Sun ce saniyar wani dattijo ce ta kafe a laka, yana kuka. Ka kashe inji, ka ɗauki igiya don ka ɗaura mata, hannun katafila ya ɗago ta, ka taka layin da ka ja da kanka. Gaɓar da ruwa ya cinye ta ƙasa ta rufto maka. Na san ƙaddara ce. Duk da haka na yi fushi da kai, Baban Isufu, fushin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar nake kwashe toka ina watsarwa a bayan gida.

Ga abin da ya sa na rubuto. Isufu ya samu permi, wato lasin tuƙi, an kuma ba shi katafilarka, za su yashe tabki a Bambeye. Ya durƙusa gabana ya ce ba zai hau ba sai na yarda. Na kwana biyu ban ba shi amsa ba. Kai kaɗai nake son tambaya, kai kuma ba ka nan.

Yau da safe na tankaɗe toka. Na miƙa masa buhunka, na ce ya ja layin kamar yadda kake ja, ko saniyar wa ce ta faɗa, kada ya ƙetare. Ya rungume buhun ya fita. Da na bi bayansa da kallo, tafiyarsa irin taka ce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya dawo mini da Isufu da ƙafafunsa.

Matarka,
Hajo