Bayan An Haɗe Bankinmu

Agege, Legas
Afrilu, 2006

Yaya Kalilu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya Maijidda da yara?

Lafiyata ƙalau, aikin ne dai ya ƙare. Gwamnati ta ce ƙananan bankuna su haɗe, babba ya haɗiye namu, aka sallame ni. Shekara sha shida ina yi wa fataken shanu tafinta a bankin, ko sannu ban samu ba. Amma tsakani da Allah gyaran ya kamata, manyanmu sun mai da bankin aljihunsu.

Kullum ƙanshin ruwan farko a garinmu Babban Mutum nake tunawa, da furar Inna. Kada ka gaya mata zancen sallamar tukuna. Gonata dai, kada ka ba kowa aronta bana.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Saminu