Lomar Da Nake Bari A Kwano

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imar makwanci. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma har yanzu ban iya yin abu ban sanar da ke ba.

Umma, karatun da kika yi ta yi mini addu'a a kai ya kawo ni Landan. Yaya Sani ya so in zauna wurinsu a Dagenham, sai dai tsakaninsu da makaranta tafiya ce kamar za a bar gari. Shi ya sa na karɓi ɗaki a gidan wasu 'yan Koriya a New Malden. Mata biyu ne a gidan: Yuna, wadda ke aiki a kantin magani, da tsohuwarta, wadda kowa ke kira Halmoni, wato kaka. Halmoni ba ta jin Turanci, ni ba na jin Koriyanci. Ita ce mai girki, kuma tare ake cin abincin dare.

Da za ki ga teburin, da kin tambayi bikin wa ake yi. Kowa da kwanon shinkafarsa da na miya, a tsakiya kuma ƙananan kwanoni birjik, har da kabejin da suke tsimawa da barkono, kimci. Ba a ci da hannu. Cokali ne da tsinkayen ƙarfe biyu masu santsi, waɗanda suka yi ta kunyata ni. Ni da kike cewa hannuna ya fi na kowa sauri a akushi, sai ga ni ina farautar wake ɗaya a faranti.

Sauran ladubban ba su ba ni wahala ba, kin riga kin yi aikinki. Ba a fara ci sai babba ya ɗauki cokali. Idan babba ya miƙo abu, da hannu biyu ake karɓa. Na koyi abin da ake faɗa kafin a ci, da wanda ake faɗa bayan an gama: "Jal mogossumnida," wato na ci da kyau. Nakan yi bisimillata a hankali, sannan in yi nasu da ƙarfi.

Tun ranar da Yuna ta bayyana mata abin da ba na ci, Halmoni ta kori naman alade daga gidan gaba ɗaya. Bas take hawa, da ciwon gwiwarta, ta je wurin mahaucin Musulmi ta sayo kaza.

Ni kuwa ina riƙe da maganarki: "Baƙo ba ya suɗe kwano. A gida ki suɗe, sunna ce. A gidan mutane ki bar loma, kada a ce 'yar Rabi da yunwa ta zo." Don haka kullum nakan bar lomar shinkafa a gefen kwano, in ajiye cokali, in ce na ci da kyau. A ganina ina fita kunyarki ne.

Sai abinci ya fara sauyawa. Yau an rage gishiri, gobe an cire tafarnuwa. Daga baya barkono ya ɓace ɗungurungum. Ni, 'yar Zariya, da kika yaye da yaji! Tunda baƙo ba ya ƙorafi, sai na ci gaba da barin lomata.

Wata ranar Asabar bayan abincin rana na koma kicin ɗiban ruwa. Na tarar da Halmoni tsaye da kwanona a hannu. Ta ɗebi ragowar da cokali, ta sa a baki, tana taunawa a hankali, ta haɗe gira, tana neman inda ta yi kuskure. Ashe kullum haka take yi. Bakina yana cewa na ci da kyau, kwanona yana cewa akasin haka, ita kuma kwanon ta gaskata.

Washegari Yuna ta zaunar da ni. Ta ce tsohuwarta ta tashi ne a shekarun yunwa, ba ta san mutum ya ji daɗin shinkafa ya bar ta ba. Ta ce Halmoni ta yanke shawara cewa tunda ta kasa ciyar da ni, bai kamata ta riƙe 'yar mutane tana ramewa ba, gara idan zangon karatu ya ƙare in koma inda ake dafa irin abincinmu.

Umma, na ji tsoro. Ba ɗakin nake ji ba. Tun da kika tafi babu wanda ya sake leƙa kwanona don ya ga ko na ci, sai wannan tsohuwar. Ban so in rasa hakan karo na biyu ba.

Na roƙi Yuna ta yi mana tafinta. Na ba Halmoni labarinki, na maimaita mata maganarki kalma da kalma. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce kin yi tarbiyya, kuma da kun haɗu da kun shirya. Sannan ta sa Yuna ta tambaye ni abu ɗaya: to ni har yaushe ce baƙuwa?

A nan na tuna ko a gidan Yaya Sani loma nake bari. Rabona da in suɗe kwano tun tuwon da kika yi mana kafin a kwantar da ke a asibiti.

Da aka zauna cin abincin dare, barkono ya dawo, har da ƙari. Na jira ta ɗauki cokali, na yi bisimilla, na ci. Da na zo kan lomar ƙarshe hannuna ya tsaya da kansa. Sai na tuna ɗaya rabin maganarki, na ɗebe ta, na bi ƙwayoyin da suka maƙale a gefe ɗaya bayan ɗaya. Halmoni ta jawo kwanon, ta leƙa ciki. Ta miƙe ta ƙaro mini wata shinkafar.

Ba wanda ya sake ta da zancen tashi. Ban karya dokarki ba, Umma. Ke kika ce a gida a suɗe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ya saka wa wadda ke ciyar da 'yarki da alheri, Ya ba ta sauƙin gwiwa. Amin.

Taki har kullum,
Sa'adatu