Farar Mambila da Lantana

Da sunan Allah. Ni Tanimu Gwadabe Fagge nake rubuta wannan a watan Sha'aban na 1977, hankalina garau, jikin ne kawai ya ƙi. 'Ya'yana Sagiru da Nafi'u, ku karanta tare.

Na ɗaya. Madubin ƙara girma da akwatuna goma sha huɗu na gilasan da ake ɗorawa a ƙarƙashinsa ku kai wa abokin aikina Ambrose Nwabueze a Sabon Gari. Na san kuna yi mini dariya: kuɗin mai ya cika gari, sa'o'ina sun kama shaguna a Kantin Kwari, ni ina bin fara a ciyawa. To shekara ashirin ni da Ambrose muna feɗe fara, muna ƙirga 'yan zarurrukan gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinta, waɗanda ake kira kromosom, don mu gane wace fara ce dangin wace, domin kamannin jiki suna ruɗi. Kada ku sayar da ko gilashi ɗaya.

Na biyu. Littafina mai jan bango akwai shafi guda da na bari fari. Ku bar shi haka. Na farar Mambila ne, wadda muke zargin ita ce ta haɗa dangi biyu da kowa ya raba. Sati uku Ambrose ya yi a kan dutse kafin ya kamo arba'in da ransu, domin busasshiya ba ta ƙirguwa. Na shigo da su gida a gajiye, na dire kwandon a bakin murhu, na tafi masallaci. Kun san gidanmu, abin da maigida ya ajiye a bakin murhu cefane ne. Yayarku Lantana ta soya su da yaji, ta kawo mini har zaure tana murna.

Na ture kwanon, na ce ba zan ƙara cin girkinta ba. Shekara shida tana aiko da tuwo daga gidan mijinta kowace Juma'a, ina mayarwa a rufe. Ambrose da ya yi wahalar tun a makon ya yi dariya ya yafe, ni na kafe. Bara ta rasu wajen haihuwa. Laifina ne, ni na ajiye kwandon ban ce uffan ba. Wannan ciwon ya fi wanda likita yake nema a ƙirjina.

Na uku. Sulusin abin da na bari na 'ya'yan Lantana ne, tunda gado ba zai kai gare su ba. Wanda ya yi musu gori ban yafe ba.

Na huɗu. Kowace Juma'a ku ci abinci a kwano ɗaya, ku da su. Na ƙare rayuwata ina neman dangin fara, na kori tawa 'yar daga bakin ƙofa, kada ku gaje ni a nan.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Kwanon Lantana na ƙarshe yana ƙarƙashin gadona, shi ban samu na mayar ba kafin ta rasu. Ku ba 'yarta, ku ce mata kakanta ya cinye, ya ce ya yi daɗi.