Babur Ɗin Ƙanƙara Ba Ya Son Taya

Zuwa ga Alhaji Sanda, mai garejin gyaran motoci da babura a McLeansville,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da ma'aikata. Na rubuto maka ne ta takardar labaran ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Greensboro, domin wayarka ta daina sanin lambata, ranar Juma'a kuwa kafin in shafa addu'a ka riga ka sa takalmi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: mahaifina yana wurina, ya zo aikin ido. Mutumin ayari ne, ƙuruciyarsa a bisa raƙumi ta ƙare, tsakanin Agadas da Bilma. A Maris ɗin bara, safiyar da aka kwance masa bandejin ido na farko, ya leƙa taga ya ga filin Summerfield fari fat da dusar ƙanƙara, ba hanya, ba sawu. Ya ce hamadar Tenere ce ta yi wanka ta sa farar riga, ya kuma tambaye ni abin da ke bayan tudun can. Gwiwoyinsa ba sa kai shi ko bakin shinge. Na yi masa alkawari zan kai shi ya gani da idonsa.

Mai gonar dawakin da nake yi wa aiki ya ji labarin, ya ba ni kyautar wani tsohon babur ɗin ƙanƙara, sinomobil, da ya zo da shi daga arewacin ƙasar nan. Ba shi da taya. Gabansa takalma biyu ne dogaye masu sulɓi, bayansa bel mai faɗi mai haƙora da ke tura shi. Shi na kawo maka a watan Agusta, ga kuma abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Ciwonsa ƙarami ne: ba ya tashi, tsohon fetur ya toshe kafireta, fulogi ya mutu. Kai da bakinka ka ce kafin watan ya ƙare zan ɗauke shi.

Na biyu. Da ya tashi, ma'aikatanka suka bi al'adar gida, wadda ta ce ba a ba da babur sai an zagaya da shi an ji muryarsa. Suka zagaya da shi a kan tsakuwar bayan gareji, cikin zafin rana, ana tafi ana shewa. Alhaji, wannan halitta dusar ƙanƙarar da take watsa wa cikinta ita ce ke sanyaya mata inji. Wanda ya fitar da kifi bisa rairayi don ya gwada iyonsa, kada ya ce kifin ne rago. Inji ya buga, takalman suka suɗe.

Na uku, shi ya fi yi mini ciwo. Ka aiko mini da shawarar a kwance takalman a sa masa taya, wai ya zama moto mai amfani rani da damina, tunda garin nan ƙanƙara baƙuwa ce. Na san shawarar mai son alheri ce. Amma moto ya cika Damagaram. Da shi Baba yake nema, da bai haye teku ba. Taya tana neman hanya, shi kuwa tsohon nan abin da yake kewa shi ne wurin da ba hanya.

Na huɗu. A Disamba ƙanƙara ta sauko. Da asuba na tarar da Baba a bakin ƙofa, ya naɗa rawani, ya sa safar hannuna, yana zaune kamar mai jiran ayari ya tashi. Ban san da wane baki zan gaya masa babur na gareji har yanzu ba. Kafin jibi filin ya koma ja, ruwa na ɗiga daga rufi. Ranar na rubuta:

Ƙanƙara, baƙuwa mai gajeren zama,
Ki ɗan ƙara kwana a ɗakin sama,
Abin hawanmu na gareji ya suma,
Tsohon madugu na jiranki, ni ma.

Tun daga nan, in na rufe ido ina ganinmu: yana bayana ya riƙe kafaɗata, bakin rawaninsa na kaɗawa, itatuwa sanye da azurfa suna wucewa, yana nuna mini gabas da haɓa kamar yadda ya saba nuna wa mutanensa. Likita ya gama ido na biyu. Bizar Baba za ta ƙare ƙarshen Fabrairu, ya kuma ce shi da jirgin sama, daga wannan sai a lahira. Bayan tudun nan ba komai sai ɗan tafki da rumbun ciyawa, na sani. Amma alkawari na yi.

Saboda haka ina roƙonka, don zumunci: ka amsa wayata ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. In injin zai gyaru, ka nemo wanda ya san irinsa daga garuruwan dutse, girmanka ba zai ragu ba. Kada kowa ya kusance shi da taya. In kuma ba zai gyaru ba, ka sa masa sababbin takalma, ka cire injin don ya yi sauƙi, ka dawo mini da gangar jikin cikin wannan mako. Maigidana ya yarda ya ara mini goɗiya da igiya. Ni zan ja linzami a ƙasa, Baba ya zauna a sama.

Allah ya albarkaci hannunka, ya buɗa garejinka, ya raya zuriyarka, ya sa naka 'ya'yan su cika maka abin da ka roƙe su ranar da gwiwa ta gaza.

Wassalam.

Naka ɗan'uwa,
Mahaman Lawali,
Summerfield.