Banɗakin da Inna Ta Ƙi Shiga

Zuwa ga Mai girma Fasto, shugaban ayarin mishan masu aikin agaji a ƙasar Wudil.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Yaya gajiya, yaya fama da jama'a? Allah ya saka muku da alheri.

Ni ne ladanin masallacin unguwarmu a Kausani, gajeren nan mai jar hula da yake tsaye a bayanku kullum kamar wanda aka ɗauka gadi. Na zaɓi in rubuto a fili saboda maganar ta riga ta cika gari, kowa ya ji sai ku. Kuma in za a ci gaba da yi mini dariya, gara a yi ta da cikakken bayani.

Na farko, godiya. Da ambaliya ta cinye mana gonaki ta kwantar da katangu, masai na gidajenmu duk suka rufta, amai da gudawa ya fara ɗaukar yara. Kuka zo da masara da magani, kuka tsaya cikin caɓi kuna aiki. Ba ku tambayi kowa addininsa ba. Wannan na gani da idona, kuma zan faɗe shi a gaban kowa.

Na biyu, yadda aka yi na shiga ciki. Ranar da motarku ta iso, ni na tara mutane a ƙofar masallaci na ce a yi hattara, kyautar mishan ba ta zuwa ita kaɗai. Na naɗa kaina mai sa ido, ba wanda ya roƙe ni. Buhun masara sai na zura hannu har gwiwa ina laluben ƙasida. In ma'aikaciyar jinyarku ta sunkuya kan yaro, ina gefe na kasa kunne ko za ta raɗa masa wani abu. Abin da na ji kawai shi ne a riƙa tafasa ruwan sha. Da kuka ce za ku gina banɗakin gwaji a gida ɗaya kafin sauran, na ce a fara da nawa, wai don in akwai wata cuta ta fara ta kaina. Allah ya sani, har da kwaɗayin siminti.

Injiniyanku yaro ne mai ladabi, bai daɗe da zuwa Arewa ba. Ya tambayi ta ina ruwan sama yake bugowa, na nuna masa gabas da alfahari. Sai ya juya ƙofar yamma don kada ruwa ya shiga, ya zuba murfin kankare, ya yi matakan ƙafa suna kallon ƙofa. Duk wannan ina tsaye a wurin. Amma idona na kan aljihunsa, ko zai binne wata takarda a cikin ginin.

Na uku, ƙorafin. Ranka ya daɗe, a wajenmu ba a fuskantar alƙibla wajen biyan buƙata, kuma ba a ba ta baya. Kowane magini na ƙauye ya san masai kudu yake kallo ko arewa. Wanda ya shiga nawa kuwa, ya ba alƙibla baya sak. Ni da ko an ɗaure mini ido zan nuna gabas, ni da nake gyara wa mutane sahu, ban lura ba. Har baƙi na riƙa kawowa suna kallon bututun iska suna sa albarka.

Mahaifiyata ce ta gano. Inna tsohuwa ce, idonta ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Ta dogara sandarta ta leƙa sau ɗaya, ta dubi inda rana take fitowa, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya ko har yanzu ni ne nake kiran salla. Tun daga ranar ba ta sake taka wurin ba.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ɗauko mata liman ya yi bayani cewa malamai sun yi sauƙi in a cikin gini ne mai katanga. Ta saurara har ƙarshe, ta ba shi goro, ta yi masa addu'a, washegari ta ɗauki butarta ta nufi bayan gari. Na ce to a riƙa zama a karkace, na shiga in gwada. Ɗakin ƙarami ne, matakan kuma ba a yi su don haka ba. Ba zan ba da labarin yadda na fito ba, amma mai ɗori ya duba kafaɗata, kuma maƙwabta sun ji ƙarar. Na kira maginin unguwa, ya ƙwanƙwasa murfin ya ce ƙarfe ne a ciki, in ya fasa ba zai iya mayarwa ba. Sabon rami kuwa ba ya haƙuwa, ana ɗan nutsawa ruwa ke tasowa.

Yanzu ga halin da ake ciki. Inna ba ta yarda a gan ta da rana, saboda haka kafin asuba take fita, ta hanyar nan da ruwa ya zaizaye ya bar kwari a gefe. Ta taɓa zamewa, na same ta zaune cikin taɓo tana laluben sandarta, ba ta kira kowa ba don kunya. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Tun daga nan nake raka ta, tocila a hannu ɗaya, buta a ɗayan, in tsaya nesa in juya baya. Kiran sallar asuba kuwa ya koma sai mun dawo. Mutanen unguwa sun daina cewa ladan ya makara, sai su ce Inna ba ta gama ba. Ga gida mai banɗakin da ya fi na kowa a Kausani, ga mai gidan a bayan gari yana riƙon buta.

Dariyar zan iya jurewa, na saba. Abin da ba zan iya ba shi ne wata rana ta faɗa kwarin nan ina tsaye na ba ta baya. Ku da kanku kun hana zuwa bayan gari saboda cuta, kuma gaskiyarku ne. Sannan na ji an ce da zarar kun gama sauran gidajen za ku kwashe kayan aiki ku wuce wani gari.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Kafin ku tafi, a turo injiniya ya juya murfin nan ya kalli kudu ko arewa. Yashi da ruwa da ɗaukar kaya duk ni zan yi, kafaɗar ta warke. Sannan kada a zuba na sauran gidajen sai an duba, domin kowane gida akwai irin Inna, wasu ma sun fi ta.

Ban ɗora wa yaronku laifi ba. Abin da ya tambaya na ba shi amsa, wanda bai san zai tambaya ba kuma ni ya kamata in faɗa. Tun ina saurayi nake nuna wa baƙi alƙibla don su fuskance ta. Ina roƙon ka zo da mutanenka in nuna muku ita don ku kauce mata, kuma na yi alkawari wannan karon ƙasa zan kalla, ba aljihun kowa ba.

Inna ta ce in gaishe ka. Kullum in muka wuce ginin nan za mu bayan gari, sai ta tsaya ta dafa bangonsa ta yi wa waɗanda suka gina shi addu'a, sannan ta ce in haska mata hanya. Ni ma ina bin bayanta da tawa: Allah ya tsare ku a hanya, ya raya muku zuri'a, ya sa ku ga tsufan iyayenku cikin sutura.

Wassalam.

Naka,
Ladanin masallacin unguwa,
Kausani, Wudil.